Yadda Ake Mayar da Hawan Dutsen Kufena Atisayen Hawan Babban Tsauni

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai burin wata rana ya ga kansa a ƙololuwar Cappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya da mita 2,419, can jihar Taraba a bakin iyakar Kamaru, to tun daga gida zai fara shiri. Haka wanda idonsa ke kan Tsaunin Kamaru mai mita 4,040, ko Kilimanjaro na Tanzaniya mai mita 5,895. Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Mutum zai iya takawa daga Sabon Gari zuwa Samaru bai ji komai ba, amma a ɗora shi kan hawa na minti ashirin da jaka a baya, sai ka ji numfashinsa kamar zugar maƙeri. Ƙafar da ta saba da miƙaƙƙiyar hanya sai an koya mata hawa da gangara, kuma makarantarta tana nan kusa.

Ni a Zariya tawa makarantar take, wato dutsen Kufena da ke yamma da birni, ta wajen Wusasa. Dutse ne mai sauƙi, ana hawansa a sauko cikin safiya guda ba igiya ba komai, kuma yana da irin abubuwan da babban tsauni zai gwada ka da su a taƙaice: falalen dutse mai santsi, tsakuwa mai zamewa, manyan duwatsun da sai ka dafa da hannu, da rana mai dukan ƙeya. Mutumin Kano yana da Dala da Goron Dutse, na Jigawa yana da duwatsun Dutse, na Bauchi da na Abuja kuwa duwatsu sun kewaye su. Abin da zan faɗa a kan Kufena ya hau kan kowanne daga cikinsu. Zan riƙa cewa "ka", amma maganar ta haɗa da 'yan'uwa mata.

Fara da jikinka da lissafi

Kafin ka sayi ko safa, ka je a auna maka hawan jini. Idan kana da ciwon zuciya, asma, ciwon suga, ko gwiwar da ta daɗe tana damunka, ka zauna da likita ka gaya masa ainihin abin da kake shirin yi. Akwai kuma abin da nake so mutanenmu su ɗauka da muhimmanci, wato rukunin jini na sikila. Mai SS yana cikin haɗari sosai a wuri mai tsawo inda iskar shaƙa ke raguwa, kuma ko mai AS, wanda a gida lafiyarsa lau, saifarsa na iya samun matsala idan ya hau sama da yawa, musamman in ga gajiya ga ƙishirwa. Kufena ba zai tona wannan ba saboda ba shi da tsawon da zai tona. Gwajin jini ne kawai zai gaya maka, kuma ba shi da tsada.

Sai lissafi. Masu hawan tsauni ba kilomita kaɗai suke ƙirgawa ba, sun fi damuwa da mita nawa aka hau sama a yini. Wani ɗan ƙasar Sikotland mai suna William Naismith ya fitar da wani ma'auni tun 1892 wanda har yau ake aiki da shi: awa ɗaya ga kowace kilomita 5 ta tafiya, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan na mai ƙarfi ne da ba ya ɗauke da kaya mai nauyi, ban da hutu, don haka sabon shiga ya ƙara wa kansa lokaci. Ka sa manhajar auna tafiya a wayarka, ran da ka fara hawa ka duba mita nawa dutsenku ya ba ka daga gindi zuwa sama. A ce ya ba ka mita 150, yinin da ya fi wuya a tsaunin da kake nufi kuma yana neman mita 900. Ka ga sai ka iya hawa ka sauka sau shida a rana ɗaya, da jaka, ka kuma tashi washegari ƙalau, kafin ka ce ka shirya. Daga garin Buea zuwa ƙololuwar Tsaunin Kamaru hawan ya kai kusan mita 3,000, ana raba shi kwana biyu ko uku. Wannan lissafin shi ke mayar da yawon buɗe ido ya zama atisaye.

Lokacin da ya dace

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, shi ne mafi kyau. Dutse a bushe yake, ciyawa ta kwanta, kana ganin inda kake sa ƙafa. Illarsa ita ce hazo da bushewar iska: gumi na bushewa nan take, sai mutum ya ɗauka ba ya rasa ruwa alhali yana rasawa. A bazara, Maris zuwa Mayu, zafi kan doshi digiri 40, dutse ya ɗauki zafi kamar tanda. In dole sai ka hau, ka tabbata ƙarfe tara ta yi maka a ƙasa. Da damina kuwa falalen dutse na yin gansakuka, santsinsa ya fi na sabulu, kuma saman dutse shi ne wuri mafi muni da tsawa za ta riski mutum. Ka ga hadari ya haɗo, ko ka ji rugugi ko daga nesa ne, juya kawai. Da azumi ka ajiye hawa mai nauyi, ka wadatu da ɗan tattaki bayan shan ruwa.

Takalmi da jaka

Takalmi ne kan gaba. Ba sai ka nemi mai tsada ba, a 'yan gwanjo ana samun takalman hawan dutse masu kyau. Juya shi ka duba ƙasansa: roba mai zurfin zane, wadda in ka danna da farce za ka ji tana ɗan lotsawa. Mai tauri kamar katako zamewa yake a kan dutse. Je sayen da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka hau da ita. Ya zama akwai sararin kaurin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafarka da bakin takalmin, domin a gangara ƙafa gaba take zurmawa. Wanda ya yi maka cif a shago shi zai baƙanta maka farce a dutse.

Kada ka hau da sabon takalmi. Na taɓa hawa da wani ƙanena da ya sayi nasa ana gobe za mu fita. Ba mu yi rabin hawa ba ya fara ɗingishi yana ɓoyewa. Da na matsa masa ya zauna ya cire, sai ga bororo a dunduniyarsa kamar ƙwandala, ya riga ya fashe, safa ta manne da naman. Sai da muka jiƙa ta da ruwa kafin ta saki. Da ya yi magana tun lokacin da ya fara jin ɗumi a wurin, filasta ɗaya ta isa. Don haka ka yi sati biyu kana zuwa kasuwa da wurin aiki da takalmin, kuma a kan dutse, da zarar ka ji wani wuri na ɗumi, tsaya ka manna filasta.

Safa mai kauri wadda ba auduga zalla ba, domin auduga tana riƙe gumi. Wando mai sakewa da ya rufe ƙafa saboda ƙaya da ƙarangiya, riga mai dogon hannu mara nauyi, da malafa ko hular hana-salla. 'Yar'uwa, ki sa wando mai kauri a ciki, ki zaɓi hijabin da bai wuce gwiwa ba, kuma ki ɗaure shi yadda iska ba za ta rufe miki fuska ba a daidai lokacin da kike neman wurin taka ƙafa. Doguwar riga mai jan ƙasa tana harɗe ƙafa a gangara.

Jaka ta zama ta goyo mai hannu biyu, in da hali mai maɗaurin ƙugu, domin ƙugu ya kamata ya ɗauki yawancin nauyin, kafaɗa ta daidaita kawai. A ciki: ruwa aƙalla lita biyu na safiya guda, ban da na alwala, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ayaba ko dafaffen dankali, filasta, bandeji mai naɗewa, maganin ciwon jiki, tocila ko da kana da niyyar dawowa da hantsi, waya cike da caji, usur, da ledar kwashe shara. Ka riƙe sacet ɗin gishiri da sukari na kemis. In babu, ka haɗa da kanka: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri.

Ga dabarar nauyi da na fi so. Ledar fiya wata guda rabin lita ce, wato rabin kilo. Jaka guda mai leda ashirin kilo goma ke nan. Ba ka bukatar sikeli: in kana son kilo huɗu, ƙirga leda takwas. Ka naɗe su a tawul ka jera su jikin bayanka, kada su taru a gindin jaka suna ja ka baya. Abin da ya sa suka fi cika jaka da duwatsu ko yashi shi ne, in ka isa sama kana iya sha, ka ba wasu, ko ka zubar da ruwan ka dawo da ledojin, sai ka sauko da jaka mara nauyi gwiwarka ta huta.

Sanda kuma ba ta tsofaffi kaɗai ba ce. Dubi Bafulatanin da ke yini bayan shanu, ba ya rabuwa da ita. Ka samu mai ƙwari wadda ta kai maka gwiwar hannu, ko ka sayi irin ta ƙarfe mai zugewa.

Daren jajibiri da safiyar fita

Yanke farcen ƙafa kwana biyu kafin ranar. Haɗa jaka tun da dare, ci tuwonka ko shinkafa yadda ka saba, sha ruwa sosai, ka kwanta da wuri. Ka gaya wa wani a gida inda za ka, da wa za ka, da lokacin da in bai ji ka ba zai fara nema. Kada ka hau kai kaɗai. Mutum uku ne mafi ƙaranci, domin in ɗaya ya yi targaɗe, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya je neman taimako. Kuma a halin da ƙasa ke ciki, tilas ne ka tambayi mutanen yankin yadda tsaro yake a satin da za ka, ba labarin watan jiya ba. In an ce a dakata, a dakata.

Bayan sallar asuba ka sha koko ko kunu da ɗan ƙosai, kada ka cika ciki. Ka isa gindin dutse gari na wayewa.

A nan akwai abin da 'yan birni kan manta. Dutsen yana da mutanensa. Kufena tsohon mazauni ne tun kafin Zariya ta zama yadda muka san ta, har yanzu akwai ragowar tsohuwar ganuwa a kewayensa, akwai kuma gonaki da gidaje. Ka yi sallama, ka gaida dattawan da ka tarar: "Baba, ina kwana, mun zo hawan dutse ne, ta ina ya fi sauƙi?" Matambayi ba ya ɓata. Zuwan farko ka nemi a haɗa ka da wani matashin unguwar ya yi maka jagora, ka sallame shi da abin kirki. Shi ya san ramin da zuma ta yi gida, da gefen da dutse ya yanke, da wurin da ba a so baƙo ya taka. Kada ka ratsa gonar mutane, kada ka tsinki abin da ba kai ka shuka ba, kada ka rubuta sunanka da fenti a jikin dutse.

Yadda ake hawan

Minti goma na farko ka yi su a ƙasa kana tafiya a hankali har jiki ya yi ɗumi. Sannan ka tsaya ka ƙara ɗaure igiyar takalmi, ka gyara jaka.

Kuskuren kowane sabon shiga ɗaya ne, wato farawa da ƙarfi. Ana ganin dutse sai jini ya motsa, a yi ta rige-rige, minti goma sha biyar kowa ya zube yana haki. Ma'aunin shi ne magana. Idan ba ka iya faɗin jimla cikakkiya ga na kusa da kai ba tare da numfashi ya katse ka ba, ka yi sauri, rage. Jagororin Kilimanjaro kalmar da suka fi maimaita wa baƙi ita ce "pole pole", wato sannu-sannu da Swahili, kuma gaskiyarsu. Abin da kake koya wa jikinka a Kufena shi ne wani taku da za ka iya riƙewa awa shida, ko da yake dutsen bai kai awa shida ba. Wanda ya fi kowa rauni a cikinku shi za a sa gaba, bayan jagora.

Taku ƙanana. Inda za ka iya hawa da taku ɗaya babba ko uku ƙanana, zaɓi ukun, domin babban taku cinya yake cinyewa. Ka ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutse. Masu hawa da kan yatsu sha-raɓarsu ke fara ɗaurewa. A kan falalen dutse mai gangara jikinka zai so ya kwanta ya rungumi dutsen saboda tsoro, kuma wannan ne ke sa takalmi ya zame. Tsaya a miƙe, nauyinka bisa ƙafafunka, sai robar ta kama. In hawan ya miƙe da yawa, bi shi a karkace, dama da hagu, kamar yadda jaki mai kaya ke hawan tudu.

Akwai wani taku na hutawa da ya kamata ka koya tun a nan, ko da kana jin ba ka bukatarsa. Ka ɗaga ƙafa ɗaya ka ajiye a sama, amma kada ka ɗora mata nauyi tukuna. Bar nauyin a ƙafar baya, ka miƙe gwiwarta sosai yadda ƙashi ne ke ɗauke da kai, ka ja numfashi ɗaya, sannan ka taka. Ɗan dakatawar nan ta daƙiƙa guda tana hutar da tsoka a kowane taku. A Kufena za ka ga kamar wasa, amma a mita 4,000 da shi ake tafiya.

Inda sai an dafa, ka kiyaye gaɓoɓi uku a jikin dutse kafin ka motsa na huɗu, kuma ka girgiza duk dutsen da za ka kama ka ji ko zaune yake. Kada ka taɓa zura hannu a rami ko tsaga da ba ka ga cikinta ba, can kunama da maciji ke fakewa. Kububuwa da kasa launinsu ya saje da ƙasa, don haka a ciyawa ka riƙa buga sanda a gabanka. In tsautsayi ya faɗa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti kai tsaye. In dutse ya suɓuce daga ƙafarka ya gangara, ɗaga murya ka ce "Dutse!" don na ƙasa su kauce.

Sha ruwa kurɓi biyu ko uku duk bayan minti ashirin, kada ka jira ƙishirwa. Ci dabino biyu ko ɗan gyaɗa duk awa. Hutu gajere, minti biyar, domin in ka daɗe a zaune jiki zai yi sanyi, tashi ya zama aiki. Wanda ya fara jiri, ciwon kai ko tashin zuciya, a kai shi inuwa, a jiƙa masa kai da wuya, a ba shi ruwan gishiri da sukari, kuma hawansa na ranar ya ƙare. In ya fara sambatu ko ya rikice, wannan na asibiti ne da gaggawa.

In kun isa sama, duba agogo da manhaja ka rubuta: minti nawa, mita nawa, kilo nawa. Ka zauna ka kalli Zariya shimfiɗe a ƙarƙashinka, gonaki da rufin kwano da hayaƙin girkin safe. Cire takalmi ƙafa ta sha iska, ka duba ta da kyau. Amma ka sa a ranka rabin aiki ka yi.

Sauka, inda aka fi jin ciwo

A nan nake so ka fi mayar da hankali. Hawa huhu da zuciya yake gajiyarwa, kuma suna farfaɗowa cikin mintuna. Sauka kuwa tsokar gaban cinya take aiki a matsayin birki, tana miƙewa tana riƙe nauyinka a lokaci guda, kuma irin wannan aikin ne ke kawo ciwon da kan kama mutum bayan kwana ɗaya ko biyu, har zaman tahiya ya gagare shi. Ba keke ba, ba gudu a fili ba, babu abin da ke horar da wannan tsokar kamar saukar kanta. Ga shi kuma a sauka ne mutum ya riga ya gaji, hankalinsa ya tafi gida, shi ya sa faɗuwa da targaɗe suka fi yawa a nan.

Ranar farko da na hau na sauka sau uku a jere, a sauka ta ukun na tsaya a kan wani falale na dubi ƙafafuna, sai na ga gwiwoyina na kaɗawa da kansu kamar na mai taka keken ɗinki. Ban ji ciwo ba, amma na umarce su su tsaya sun ƙi. Sai da na zauna na ci dabino, na sauko ragowar a zaune, ina ja da hannu da mazaunai. A ranar na gane cewa da a kan babban tsauni nake, da sauran awa huɗu a gabana, da na shiga uku. Tun daga nan nake ƙirga sauka a matsayin ainihin darasin.

Kafin ka fara, ƙara tsuke igiyar takalmi ta wajen idon sawu don ƙafa ta daina zurmawa gaba. Gwiwa a ɗan lanƙwashe kullum, kada ka dira a kan miƙaƙƙiyar ƙafa. Taku gajeru, a hankali, ba tsalle. Kada ka jingina baya don tsoron gangara, nan ne dunduniya ke sulɓewa mutum ya faɗi ta baya. Ƙirjinka ya kasance bisa gwiwoyinka. Sanda ta riga ƙafa sauka. A kan tsakuwa ka juya gefe ka sauka a karkace. Inda ya yi tsayi sosai, juya ka fuskanci dutsen ka sauka kamar mai saukowa daga tsani, ko ka zauna ka ja jiki, ba abin kunya ba ne. Ku bar tazara tsakaninku don wanda ya zame kada ya kwashe na gabansa. Kuma ku sauka ta inda kuka hau. Hanyar yanke da ake hangowa daga sama sau da yawa a bakin rami take ƙarewa.

In ka isa gida, sha ruwa har fitsarinka ya yi fari-fari, ci abinci mai nama, ƙwai ko wake, ka miƙe tsokokin cinya da sha-raɓa. Washegari ka saurari jikinka. Tsamin jiki a tsoka, ta kowane ɓangare daidai, ba komai ba ne, tattaki ke warware shi. Amma ciwo mai suka a cikin gwiwa ko idon sawu, ko kumburi, alama ce ta a dakata a nemi likita.

Yadda ake ƙara nauyi cikin sati takwas zuwa goma

Sati biyun farko hawa ɗaya kawai, da jaka mai ruwanka da abincinka. Manufar ita ce ka san hanya, ka san takalminka. Sati na uku da na huɗu, hawa biyu a jere, da kilo huɗu ko biyar. Daga nan ka riƙa ƙara abu ɗaya a kowane sati, ko yawan hawa ko nauyi, kada ka ƙara su tare. Duk bayan sati uku na irin wannan ƙarin ka sassauta na sati ɗaya, ka koma rabin abin da ka saba, domin a lokacin hutu ne jiki ke ginuwa. Huhu yana saurin sabawa, amma jijiyoyin gwiwa da na dunduniya suna ɗaukar lokaci, kuma su ne ke fara lalacewa ga mai gaggawa. Kilo takwas zuwa goma ya isa ga wanda za a ɗaukar masa manyan kaya a tsauni.

Tsakiyar mako kada ka zauna. Kwana biyu ka nemi bene ka hau ka sauka na minti talatin da jakarka, mutumin Kano ya je matakalar Dala da sassafe. Ƙara da tsugunna-tashi, da hawa kan benci da ƙafa ɗaya kana saukowa a hankali kana ƙirga uku.

Wajen sati na shida ka fara abin da ya fi kama da tsauni na gaske, wato kwana biyu a jere: Asabar hawa mai yawa, Lahadi ka koma da gajiyar jiya a ƙafarka. Cappal Waddi da Kilimanjaro ba yini ɗaya ba ne, Kilimanjaro kan ci kwana biyar zuwa tara gwargwadon hanyar da aka bi, kuma kowace safiya da ƙafar jiya za ka tashi. Ka kuma gwada fita sau ɗaya da duhun asuba da tocilar goshi, tare da jagora, a hanyar da ka riga ka haddace, domin daren ƙarshe na Kilimanjaro da tsakar dare ake tashi. Duk abin da za ka yi amfani da shi a can, jaka, safa, abinci, ka gwada shi a nan tukuna.

Abin da Kufena ba zai koya maka ba

Abu biyu ne. Na farko sanyi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da kusan digiri shida da rabi. Wanda ya taɓa kwana a Gembu ko Nguroje a kan tudun Mambila ya san abin da ake nufi, a saman Kilimanjaro kuwa ruwa daskarewa yake a gora. Kayan sanyi hawa-hawa ake sa su, mara nauyi a ciki, mai ɗumi a tsakiya, mai tare iska da ruwa a waje, don ka riƙa cirewa kana mayarwa.

Na biyu ƙarancin iska. Daga wajen mita 2,500 ciwon tsawo ke fara kama mutane: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, rashin son abinci. A ƙololuwar Kilimanjaro iskar da kake samu a kowane numfashi kusan rabin ta bakin teku ce. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan, sau da yawa ma ƙarfafan ne ke faɗawa saboda suna hawa da sauri. Maganinsa hawa a hankali: in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. In alamun sun bayyana kada a ƙara sama, in sun tsananta, kamar tangaɗi, ruɗewa ko haki alhali mutum na zaune, a sauko da shi nan take ko da dare ne.

Shi ya sa, bayan ka gama da Kufena, nake ba da shawarar ka yi zango a Jos kafin babbar tafiya. Garin kansa yana wajen mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuma ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. A can ne makarantar horar da matasa ta Man O' War take, kuma akwai masu jagora da suka san duwatsun. Yini guda a Shere da cikakkiyar jakarka zai nuna maka ko sati takwas ɗin nan sun zauna a ƙafarka.

Cappal Waddi yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya, don haka sai da izinin hukumar gandun da jagoransu ake shiga, ofishinsu kuma yana Serti. Ka tuntuɓe su tun da sauran lokaci, ka tambayi halin hanya da na tsaro, ka tsara tafiyar da rani. Sati na ƙarshe kafin ka tashi ka ajiye jaka mai nauyi, ka yi tattaki kaɗan, ka yi barci sosai. Ƙasan takalminka kuwa, tun kafin wannan satin za ka sake duba shi ko zanen ya cinye. In ya cinye, ka sayi wani tun lokacin, ka kai shi Kufena sau biyu kafin ka sa shi a mota.